Allon ruwa mai fiffike ya ƙi tashi: yadda za ka bi sawun matsalar kafin ka sayi wani inji

Mafi yawan waɗanda suka harhaɗa allon ruwa mai fiffike da hannunsu, wato allon hawa mai injin lantarki wanda fiffiken da ke ƙarƙashinsa ke ɗaga shi sama da ruwa, da zarar ya ƙi ɗagawa, inji suke fara tuhuma. Ka ga mutum ya matse rimot har ƙarshe, allon na kwasar ruwa, hancinsa a sama, wutsiyarsa a nutse, kumfa na bin bayansa, amma cikinsa ya ƙi rabuwa da ruwa. Kafin ya tsane ya riga ya yanke shawarar aikawa Kano ko Yamai a kawo masa wani inji da ya fi wannan. A ganina wannan gaggawa ce mai tsada. Tun da kamfanin Lift Foils na Fotoriko ya fara sayar da irin wannan allo a 2018, a kan kuɗi sama da dalar Amurka 10,000, masu haɗa nasu a gida suka yawaita a duniya, kuma injin da yawancinsu ke sa wa, irin 65161 na kamfanin Flipsky ko Maytech, yana ɗaga babban mutum ba tare da wata gardama ba. Idan naka ya kasa, da wuya laifin ya zama na girman inji. Abin da ke gabanka aikin awo ne.

Fara da sanin gudun da kake nema

Fiffiken da ke ƙarƙashin ruwa ba ya ɗaga komai sai ruwa ya ratsa shi da wani gudu. Ƙarfin ɗagawar kuma ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudun: idan gudu ya ninka sau 2, ɗagawa ninkawa take sau 4. Haka abin yake idan gudun ya ragu. Allon da ke bukatar kilomita 18 a awa ya samu 16, kashi ɗaya cikin biyar na ɗagawarsa ya tafi, alhali a ido ba za ka ga wani bambanci ba.

Saboda haka hau sikeli tukuna. Auna kanka da rigar ruwa da hular kwano, sannan ka auna allon da batir da duk abin da ke jikinsa. A ce kai kilo 75 ne, allon kilo 35, jimla 110. Idan babban fiffikenka na da faɗin santimita murabba'i 1500, kuma yana cizon ruwa tsaka-tsaki, za ka tashi a wajen kilomita 17 zuwa 18 a awa. Mai 2000 zai ɗaga ka tun a 15. Mai 1000 kuwa sai ka haura 21. Lissafin ba boyayye ba ne: rabin nauyin ruwa, wato rabin kilo 1000 a kowace mita kubik, sau gudu sau gudu a mita cikin daƙiƙa, sau faɗin fiffike a mita murabba'i, sau lambar ɗagawa, wadda na ɗauka 0.6 a nan. Abin da ya fito dole ya kai jimlar nauyinka da na allon sau 9.8.

Yanzu sa wayarka cikin jakar da ruwa ba ya shiga, kunna manhajar da ke rubuta gudu ta tauraron ɗan'adam, ka yi ƴan zagaye a kwance kan allon, ba a tsaye ba. Lambar da za ka gani ita ce ke raba aikin gida biyu. Idan ba ka kai gudun da lissafi ya ba ka ba, ko dai turi ya yi kaɗan ko wani abu na jan allon baya. Idan ka kai, har ka wuce, amma allon na nan manne da ruwa, to ka ƙyale batir da inji, ka koma kan fiffike da tsayuwarka. Wanda ya tsallake wannan mataki zai yi ta gyaran abin da bai lalace ba.

Ruwan da kake gwaji a ciki

Mu a Maraɗi ba mu da zaɓi mai yawa. Gulbi sai da damina yake gudu, kuma lokacin ma ruwa ne mai ƙarfi, ɗauke da itace da yashi, ba wurin wannan aiki ba ne. Tafkin Madarunfa, kamar kilomita 20 kudu da gari, shi ne wurin zuwa, shi ma zurfinsa na bin lokaci: ƙarshen damina a cike yake, da bazara kuwa ya ja baya sosai. Turken da ke riƙe da fiffike galibi santimita 70 ne zuwa 75. Ƙara nutsewar wutsiyar allon sa'ad da ka hau, za ka ga kana bukatar fiye da mita guda na ruwa, kuma gara a ce ɗaya da rabi. Fiffiken da ke sharar laka ba zai taɓa kai gudun tashi ba, kuma ba lalle ka ji wani karo ba, don laka ba ta ƙara. Ɗauki gora ka auna duk tsawon hanyar da za ka bi.

Kada ka shiga ruwan ba ka gaisa da masunta ba. Ladabi ne, kuma amfaninka ne. “Baba, barka da aiki. Ta ina babu kalli yau?” Wannan tambaya kaɗai za ta hana ka yanka wa mutum abin cin abincinsa, ta kuma hana zaren kalli ko na ƙugiya naɗewa a farfelarka. Irin wannan zare mugu ne: yana shiga tsakanin farfela da bayan inji, ya naɗe a kan sandar da ke juyawa, zafi ya narkar da shi ya zama ƙawanya mai tauri. Daga waje ba ka ganin komai sai ɗan bakin zare kamar gashi. Cire batir, kwance farfelar, ka duba wurin da idonka. Ganyen bado guda da ya naɗe a gaban fiffike ko turke ma ya isa ya kashe tashi.

Idan gudu bai kai ba

Abu mafi sauƙi shi ake fara kawarwa. Farfela tana juyawa ta inda ya kamata? Idan baya take turawa, sauya wayoyi biyu cikin ukun da ke shiga inji. Wanda ya fi ɓoyuwa shi ne farfelar da aka sa a juye, gabanta a baya: za ta tura gaba, amma da rauni sosai. Fuskar da ke da ɗan rami ita ce ke kallon baya. Sai ɗan ƙarfen da ke ratsa sandar inji ya riƙe farfela. Idan ya karye, a waje farfela za ta juya lafiya saboda matsin noti, a ruwa kuma inji ya yi ta kuka shi kaɗai. Farfelar da aka buga da na'urar gida daga robar PLA kuwa tana fara laushi a wajen digiri 60, kuma bayan mota a rufe cikin ranar Afrilu ba ya rasa kaiwa kusa da haka. Ɗora ta kan tebur ka duba ko duk ganyenta sun yi daidai da juna.

Daga nan sai awon turi. Nemi sikeli mai ƙugiya irin na masu sayen hatsi, wanda ke kai kilo 50 ko fiye. Kafa turke mai ƙarfi a gaɓa, ɗaure sikelin a jikinsa, ka ja igiya daga ƙugiyar zuwa wutsiyar allon, a inda ruwa ya kai ƙirji. Mutum ɗaya ya kwanta kan allon don farfela ta nutse sosai, wani ya tsaya kan sikelin, kuma babu mai tsayawa a bayan farfela ko kusa da igiya. Matsa rimot a hankali har ƙarshe, daƙiƙa 5 zuwa 10, ka saki. Allurar za ta yi tsalle, ta ɗan yi rawa, sannan ta zauna. Inda ta zauna shi za a rubuta, ba inda ta yi tsalle ba. Ga mutum mai matsakaicin nauyi, masu wannan aiki kan nemi turin da ya kai wajen kilo 30. Idan ka ga 15 ko 18, ka san akwai inda ƙarfi ke zubewa. Lura kuma da yadda allurar ke yi: idan ta hau sannan ta riƙa sauka a hankali alhali yatsanka bai motsa ba, batir ko kanturola, wato na'urar da ke daidaita wutar da ke zuwa inji, shi ne ke ja da baya.

A nan ne mai kanturolar VESC, wadda Benjamin Vedder na Suwidin ya ƙirƙiro, ke da sa'a, don manhajar VESC Tool na nuna komai a waya, har ta ajiye maka. Abubuwa huɗu za ka duba lokacin da aka matse rimot: ƙarfin wutar batir, amfiyar da inji ke ja, kason wutar da kanturola ta buɗe wa inji, da zafinta. Yadda suka haɗu shi ne ke faɗa maka cutar.

Idan amfiyar inji ta je ta tsaya cak a kan wata lamba, kason buɗewar kuma bai wuce rabi ba, iyakar da aka sa wa kanturola ce ta tare ka, ko kuma farfelar ta yi wa injin nauyi. Mutane da yawa na rikita iyakar batir da iyakar inji. Ƙarfin murɗa farfela daga amfiyar inji yake zuwa, kuma a ƙaramin gudu ta fi wadda ake ja daga batir yawa. Wanda ya sa 60 saboda haka ya saba a keken lantarki ya ɗaure injinsa da hannunsa. A kan 65161 sama da 100 ake sawa, muddin kanturola da wayoyi za su iya. Idan kuwa buɗewar ta kai ƙarshe, wajen kashi 95, amfiya kuma ƙasa take, to inji ya ƙure juyinsa, farfelar ce ba ta kamun ruwa isasshe: tana bukatar ƙarin faɗi ko ƙarin taku, wato nisan da take ci gaba a juyi ɗaya. Idan buɗewar ba ta kai ƙarshe ba, amfiya ma ba ta kai iyaka ba, duba rimot. Wasu na zuwa da matakai, suna kunnuwa a kan na ƙasa. Wasu kuma ba a daidaita su da kanturola ba, sai ta ɗauki cikakken matsi a matsayin kashi 70. Duba kuma iyakar juyi da aka sa a manhajar.

Sai batir, wanda a nan garin shi ne babban mai laifi. Ƙwayoyin batir samfurin 18650 da ake kwashewa daga tsofaffin batiran kwamfuta suna da araha, kuma suna yin fitila da fanka lafiya lau. Amma an yi su ne don jan wuta kaɗan-kaɗan, allon nan kuwa lokacin tashi yana iya neman amfiya 60 zuwa 80 a kan bolt 50. Ga misali. Batir mai jeri 14, ƙwaya 8 a kowane jeri. Idan kowace tsohuwar ƙwaya na da turjiyar ciki ta miliyom 80, jimlar batir ta zama om 0.14; a amfiya 80 bolt 11 sun tafi. Ka shiga ruwa da 56, ka matsa rimot, ka koma 45. Kanturola kuwa, yadda aka saba saita ta, tana fara rage ƙarfi a wajen bolt 3.4 kowace ƙwaya, wato 47.6. Ta rage maka ƙarfi daidai lokacin da ka fi bukatarsa, ka saki rimot, wuta ta dawo 55, mita ta ce maka batir lafiya yake. Ƙwaya mai kyau irin Samsung 30Q, da aka yi don amfiya 15, ko Molicel P42A, da ke kai 45, ba za ta zubar da ko bolt 3 ba a wannan jeri. Araha ba ta ado, ballantana a kasuwar da ake samun jabun ƙwayoyi. Nauyin ƙwaya a sikelin zinariya da awon turjiyarta sun fi rubutun jikinta gaskiya.

Na'urar kariyar batir, mai yanke wuta idan an ja fiye da ƙima, ita ma na iya zama ita ce ƙofar da ta yi ƙanƙanta. Ta keken lantarki kan yanke wuta a amfiya 30 ko 40. Alamarta ita ce komai ya mutu ɗif, sai an cire an mayar. Bayan gwajin sikeli, cire batir ka shafa wayoyi da mahaɗansu. Duk wurin da ya yi ɗumi fiye da sauran, nan wuta ke zubewa: dalma ce ba ta kama ba, ko waya ta yi siriri. Lamba 8 ta ma'aunin kaurin waya na AWG ake so a babban layi.

Zafi kuma namu ne. Kanturolar VESC kan fara rage ƙarfi a wajen digiri 85. Akwatin baƙi da aka rufe ruf don kada ruwa ya shiga, aka bar shi a gaɓa da tsakar rana cikin Afrilu ko Mayu, ya riga ya ci rabin hanyar kafin a kunna shi. Idan allon na ƙoƙari a gwajin farko sannan ya riƙa mutuwa a na uku da na huɗu, zafi ne. Lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu, ka yi gwaji da sassafe, ka kuma duba ko bututun ruwan sanyaya bai toshe da laka ba. Kada a yi cajin batir yana da zafi.

Akwai wata alama da kunne ke kamawa kafin waya: kukan inji ya tashi sama farat ɗaya, turi ya ɓace, amfiya ta faɗi. Farfela ce ta zuƙi iska daga saman ruwa. Ko dai an ɗaura injin sama da yawa a jikin turke, ko iska na bin bayan turken tana gangarowa saboda wayoyin da aka naɗe a waje da salatif. Sauke injin kusa da fiffike, ka shigar da wayoyi cikin turke in da hali.

Idan turi ya kai amma gudu bai kai ba, allon ne ke jan kansa. Tashin nan kamar amalanken shanu ne da ya kafe a rairayi: fitar da shi daga ramin shi ne aikin, in ya hau tudu ko maraƙi ya ja shi. Allon sai ya hau kan ruwa yana sulɓi kafin fiffike ya karɓa, kuma wannan hawan ne ke cin wuta ninkin abin da tafiya a sama ke ci. Allon da litarsa, wato girman jikinsa a ma'aunin lita, ba ta kai jimlar kilonku kai da shi ba zai fara a nutse, wanda ke da gajeren jiki da wutsiya mai zagayayyen baki kuma ruwa zai riƙe shi. Bakin wutsiya ta ƙasa kaifi ake so, don ruwa ya rabu da shi. Sake auna allon bayan ka fito: in ya ƙara kilo 2 ko 3, soson cikinsa na shan ruwa ta wata kafa. Zoben kariyar farfela shi ma na rage gudu, musamman mai kauri da aka yanko daga bututu, amma ni ba zan ce ka cire shi ba. Ka sirantar da shi, ka gyara bakinsa.

Idan gudu ya kai amma ya ƙi ɗagawa

Kife allon kan benci biyu, fiffike na kallon sama. Ɗora waya mai manhajar auna kusurwa a kan shimfiɗaɗɗen cikin allon, wajen tsakiya, ka mayar da ita sifili. Sannan ɗora ta kan ƙashin bayan da ya haɗa fiffiken gaba da na wutsiya. Sifili ake so ta nuna, ko kuma gaban fiffiken ya ɗan karkata zuwa ga allon da digiri guda. Abin da ake yawan samu a allon gida shi ne akasin haka. An lanƙwasa wutsiyar allon sama don kyau, aka ɗaura turke a kan lanƙwasar, sai fiffike ya zama yana kallon ƙasan tafki da digiri 2 ko 3. Irin wannan, ƙara gudu ƙara danne shi yake.

Gyaran ba shi da tsada. Digiri guda daidai yake da milimita 1.75 a kowane tsawon milimita 100. Idan tsakanin notin gaba da na baya a farantin turke milimita 165 ne, kaurin milimita 3 a ƙarƙashin notin baya zai ba ka digiri guda. Washa na iya yin gwaji, amma kada ta zauna nan: yanko roba mai tauri ka fere ta, kauri a baya siriri a gaba, don farantin ya kwanta gaba ɗayansa. In ba haka ba nauyi zai taru a wuri ɗaya ya fasa cikin allon.

Fiffiken wutsiya shi ne aka fi yi wa rashin fahimta. Ba ɗagawa yake ba, ƙasa yake dannawa, don hancin allon ya tashi. Saboda haka kumburinsa ƙasa yake kallo, alhali na babban fiffike sama. Wanda ya ɗaura su duka kumburi a sama ya yi allon da ba ya son komai sai nutso. Tsakanin kusurwar su biyun ana barin kamar digiri 2 zuwa 3. Don ƙara ɗagawa, bakin gaban fiffiken wutsiya ake saukarwa: in a saman ƙashin baya yake zaune, sa siririyar washa a notin baya, in a ƙarƙashi yake, a notin gaba. Notocin nan kusa suke da juna, don haka rabin milimita ma ya kai digiri guda. Sauya abu ɗaya, ka shiga ruwa, ka fito, sannan ka sauya na biyu.

Riƙe bakin fiffike ka murɗa da ƙarfi. In ka ji motsi a inda turke ya haɗu da ƙashin baya, kusurwar da ka auna a benci ba ita ce ke cikin ruwa ba. Walda a kan alminiyom kan ja ƙarfe gefe guda idan ya huce, don haka kalli fiffiken daga gaba ka ga ko ya yi daidai da allon. Fiffiken katako da aka lulluɓe da zaren gilashi kuwa siffarsa ake dubawa: gaba a zagaye, baya siriri, saman a kumbure ba tudu ba kwari. Goge shi da sanfefa mai laushi, 400 zuwa 600, da ruwa.

Wurin zaman turke ma na da magana. Matsar da shi gaba santimita 2 ko 3 na ƙara ɗaga hanci, mayar da shi baya na ragewa. In ka samu kwalekwale mai injin da zai kai gudun tashi, cire farfela a ja ka da doguwar igiya. Allon da ya tashi a jaye fiffikensa lafiya yake.

Idan duk wannan ya yi daidai, turi ya kai, kusurwa ta zauna, amma kana maƙalewa a kilomita 15 ko 16, fiffike za ka sauya, ba inji ba. Daga 1500 zuwa 2000 ya sauko maka da gudun tashi zuwa inda kake kaiwa, ba tare da ƙarin amfiya ko ɗaya ba.

Saura mahayi. Sabon shiga kan koma baya tun farko, wai don ya taimaka wa hanci ya ɗaga, sai wutsiya ta nutse, allon ya tsaya yana tura ruwa da cikinsa. Akasin haka ake yi. Inji na can ƙasa, turinsa da kansa na ɗaga hanci, don haka kai gaba za ka kai nauyinka, a durƙushe, har allon ya kwanta yana sulɓi kuma ƙarar ruwan ta koma shaa. Riƙe gudun nan ƴan daƙiƙoƙi, sannan ka ɗan mayar da ƙugu baya kaɗan. Kada hannun da ke riƙe da rimot ya shiga ruwa, kuma kada akwatin da na'urar karɓar saƙo ke ciki ya nutse, don saƙon gigahaz 2.4 ba ya ratsa ruwa. Shi ya sa wasu ke jin inji na yankewa daidai lokacin da hanci ya tsoma. Eriyar a fito da ita can gaban allon, sama, nesa da ƙarfe da zaren kabon.

Sa'ad da ya ɗaga, ƙarar ruwa za ta ɗauke, jan da ke riƙe allon ya ragu, sai ya ƙara gudu da kansa ya nemi ci gaba da hawa. Danna ƙafar gaba, ka rage rimot kaɗan, kada ka sake shi gaba ɗaya, don sakin na kifar da hanci. In fiffike ya leƙo waje faɗuwa ta tabbata: saki rimot, ka faɗa gefe nesa da allon, hannuwa a kan fuska. Kafin ka fara shiga ruwa ma, gwada a gaɓa cewa inji na tsayawa nan take idan aka kashe rimot ko saƙo ya yanke.